Uba Ɗan Shekara Sha Huɗu

A makarantar da na fara koyarwa, a Gwadangaji, gefen Birnin Kebbi, ba a rubuta sababbin tambayoyin lissafi idan jarrabawa ta zo. Na bara ake ɗaukowa a sauya musu lambobi. Manomin da ya girbe buhu ashirin da uku bara, bana sai ya girbe talatin da ɗaya, amma gonar ita ce, manomin ma shi ne. Ba lalaci ne kaɗai ya kawo haka ba, ko da yake ba zan rantse babu shi a ciki ba. Mai makarantar ta yarda da tambayoyin, ta ce an gwada su, sun zauna daidai kan yara. Damuwar ita ce kusan kowane yaro yana da wa ko ya a ajin gaba, kuma takardar bara tana nan a gida da jan biron malami a jikinta. Iyaye ba sa yar da takardar da ɗansu ya ci. Idan ba a taɓa lambobin ba, sai aji guda ya shigo da amsa a ka kamar waƙa.

Mai makarantar 'yar kudu ce. Ta zo Birnin Kebbi tun tana amarya, ta fara da sayar da robobi da kwanuka a kasuwa, kuma har ta buɗe makaranta ba ta rufe shagon ba. Mu malamai Madam muke ce mata, yara kuma Mama. Hausarta ta kasuwar Kebbi ce, gajera mai kaifi, ba ta da kewaye-kewaye irin tawa. Lokacin da na je ta riga ta buɗe ƙaramin reshe a Argungu, garinmu, kuma takarda ɗaya ake bugawa a raba wa makarantun biyu.

Ranar da ta ɗauke ni, ta juya takarduna sau ɗaya ta miƙo mini.

"Zango ɗaya zan gwada ka, Malam. In ka yi, ka zauna. In ba ka yi ba, ba faɗa."

Na ce na gode, kuma da gaske nake. Na karanta kimiyyar kwamfuta, na yi hidimar ƙasa, na dawo na zauna a ɗakin baƙi na gidan yayana a unguwar Badariya har matarsa ta daina ce masa ɗakin baƙi. Innata tana Argungu, kuma duk kiran da za ta yi mini tambaya biyu ce a ciki: aiki, da aure. Nakan ce mata na biyun yana jiran na farko. Takan ce ta ji, amma ba ta taɓa fasa tambaya ba.

Ya kamata in faɗi irin mutumin da nake, don a fahimci abin da ya biyo baya. Ni ne mai karanta saƙon waya kafin ya tura, ya sake karantawa, ya tura, sannan ya koma ya karanta ko wani abu ya canza a hanya. Ina iya kaiwa bakin titi in dawo in taɓa kwaɗon da na san na kulle. A zangon nan na gwaji abin ya ƙaru. Ko Madam ta gaishe ni a taƙaice, sai in wuni ina auna gaisuwar.

Da jarrabawar ƙarshen shekara ta matso, damina ta riga ta zauna, Madam ta tara mu a ofis. Malamin da yake sauya lambobi da biro ya bar aiki, ya bar tambayoyin a cikin filash, rubutu zalla, domin tsohuwar kwamfutar makarantar ba ta iya buɗe abu mai nauyi. Ta ɗaga filash ɗin ta ce wa zai ɗauka. Kowa ya sami abin dubawa a ƙasa. Ni kuma, da nake neman hanyar da zan nuna ina da amfani, sai na ji bakina yana motsi.

"Madam, ina jin, mai yiwuwa dai, akwai wata hanya da kwamfuta za ta iya yi, idan ban yi kuskure ba."

"Malam, akwai ko babu?"

"Akwai, amma…"

"To, ungo."

Abin da nake nufi shi ne rejeks. Mun taɓa shi a jami'a, na ƙara koyonsa ni kaɗai a zaman da na yi ba aiki, don ba ya cin data. Kowa ya san yadda ake sa kwamfuta ta nemo kalma a cikin rubutu ta sauya ta da wata. Rejeks ma haka ne, sai dai ba abu guda takamaimai kake ba ta ba, siffarsa kake kwatanta mata da 'yan alamomi. Maimakon ka ce ta nemo 23, sai ka ce ta nemo duk inda lamba ta tsaya kusa da lamba. Alamar \d tana nufin kowace lamba daga sifili zuwa tara. Idan ka rubuta (\d)(\d), ka ce mata ke nan ta kama lambobi biyu da ke jere, ta riƙe ta farko a hannu ɗaya, ta biyu a ɗaya hannun. A gurbin sauyawa kuma ka rubuta \2\1, wato ta ajiye ta biyu a gaba, ta farko a baya. Shi ke nan 23 ta koma 32, 47 ta koma 74. Rejeks bai iya lissafi ba, ba zai ƙara ba, ba zai rage ba. Amma juya lamba ya iya, kuma a ganina juyawar ta ishe mu.

Ban taɓa asalin fayilolin ba. Na yi kwafi, na yi wa kwafin kwafi, na tura wani cikin wayata, sannan na fara. Ina aiki da rana a falon yayana, duk lokacin da aka kawo wuta. Gwajin farko ya nuna mini na yi daidai da na ji tsoro. Shekarar da ke saman takarda ta koma wani zamani da ba a fara boko ba. Tambaya ta 12 ta zama ta 21 alhali tana zaune tsakanin ta 11 da abin da a da ake kira ta 13. Talatin ta koma 03. Mintin da aka ba yara su rubuta jarrabawa su ma sun juye, an ƙara musu lokacin da ba wanda ya ba su.

Na ji daɗin waɗannan kurakuran, gaskiya. Kowane ɗaya da na kama sai in ji kamar na tare ɓarawo a bakin ƙofa. Na sa \b a gaba da baya, wadda ke nufin iyakar adadi, don kar ta shiga cikin adadi mai lamba uku ko huɗu ta yi ɓarna. Na cire \d na sa [1-9], don ta ƙyale duk abin da ke da sifili. Na ƙara wata alama mai hana ta taɓa lambar da ke farkon layi, lambobin tambayoyi suka tsira. Layin lokaci kuma na mayar da shi da hannuna.

Daga nan na zauna na yi tunanin adadin da duniya ta riga ta tsayar, waɗanda ba ni da ikon juyawa. Wata goma sha biyu a shekara. Awa ashirin da huɗu a yini da dare. Makonnin shekara, kwanakin wata. Na nemo a asalin fayilolin duk inda 12 ko 24 ko 52 ko 31 suka zauna kusa da kalmar wata ko awa ko mako ko kwana, na dawo da su yadda suke. Da na kama wata shekara mai wata ashirin da ɗaya a takardar aji huɗu, sai da na tashi na zaga falon.

Matar yayana ta wuce da tire, ta dube ni.

"Ba ka ce na'ura ce za ta yi ba?"

"Ta yi, Anti. Dubawa nake."

"Tun shekaranjiya?"

Ba tun shekaranjiya ba ne, ya fi haka. Sauyawar kanta ƙiftawar ido ce. Dubawar ce ta ci lokacin da, na ji daga baya, ya ninka wanda malamin biro yake ɗauka.

Saura amsoshi. Kowace takarda tana da fayil na biyu na malamai, mai ɗauke da yadda ake warware kowace tambaya, kamar 41 + 14 = 55. Na bi ta kansa da rejeks ɗin nan, sannan na sake lissafa kowace amsa da kalkuleta. A nan na kama duk inda ƙaramin adadi ya koma gaba a ɗebewa, da inda rabawa ta daina fita daidai, na gyara su a fayilolin biyu. Kuma a nan ne na yi dabarar da na fi alfahari da ita. Don in tabbatar lambobin takardar yara sun yi daidai da na takardar malamai, sai na rubuta wani rejeks da ya share duk kalmomi daga wani kwafin, ya bar lambobi tsirara, layi bayan layi. Kalmomi suna ɗauke mini hankali. Da na kawar da su, sai aikin ya yi tsaf, na jera fayilolin biyu gefe da gefe ina bi da yatsa. Komai ya yi daidai.

Na lura da layi ɗaya a takardar aji uku. 41 + 14 ta koma 14 + 41, amsar ba ta motsa ba. Na ɗan damu, don wanda ya haddace ta bara zai ci wannan a banza. Na auna, na ce maki ɗaya ne, kuma idan na fara taɓa abin da ke daidai ban san inda zan tsaya ba. Na bar ta.

Fayil na ƙarshe sunansa "wannan ne na gaskiya". Akwai "wannan ne" a gefensa, shi ya sa. Aka buga, aka ƙulla takardun Argungu a leda saboda ruwa. Malamar aji uku ta can ta haihu, don haka Madam ta ce ni zan kai, in kuma tsaya wa ajin, tunda garinmu ne.

Na shiga motar haya da sassafe da ledar a kan cinyata. An yi ruwa kafin gari ya waye. Bayan Ambursa fadama ta yi kore shar, mutane sun sunkuya cikin shinkafa, ga farin balbela a bayansu. Ban kalla sosai ba. Ina ta taɓa ƙullin ledar, ina tunanin ko "wannan ne" na ba mai bugawa maimakon "wannan ne na gaskiya". Na zaro takarda ɗaya na duba lambobin layin farko, na ga sababbi ne, na mayar. Mutumin da ke gefena ya tambaye ni ko takardun kotu ne.

Reshen Argungu gida ne aka mayar makaranta, azuzuwa suna kewaye da tsakar gida. Ina shiga na ga motar Madam a ƙofa. Ba ta ce mini za ta zo ba. Ta ce ta zo duba rufin da ke yoyo ne, kuma mai yiwuwa gaskiya ne.

A ajin akwai ɗiyar yayata, wadda ke zaune a gidan Inna. A gida Kawu take ce mini, amma a makaranta duk malami namiji Ankul ne, kuma tana kiyaye wannan sosai. Ta zauna a layin gaba ta naɗe hannu kamar ba ta taɓa ganina ba.

Tambayoyin da Turanci suke. Al'adar makarantar ita ce a ƙananan azuzuwa mai tsaron jarrabawa ya karanta kowace tambaya da ƙarfi, ya maimaita ta da Hausa, sannan yara su rubuta. Na san da wannan al'adar. Abin da ban lura ba shi ne, wannan ne karon farko da zan karanta takardar da kalmominta.

Na farko sun tafi lafiya. Masunci ya kama kifi talatin da biyu, manomi ya ɗaure albasa. Har na fara jin muryata ta zauna. Na ga inuwar Madam ta tsaya a taga, na ƙara gyara tsayuwa. Na karanta ta gaba da Turanci, bakina yana tafiya shi kaɗai, ban ji komai ba. Sai da na zo mayarwa da Hausa.

"Wani uba yana da shekara goma sha huɗu. Ɗansa kuma yana da shekara arba'in da…"

Na tsaya. Na duba takardar. Tana nan yadda na faɗa, 14 + 41 ɗin nan da na bari.

Yaran suka dubi juna, ba su tabbatar ko an yarda su yi dariya ba. Sai ɗiyar yayata ta ɗaga hannu, cikin ladabi.

"Ankul, to wa ya haihi wani?"

Shi ke nan. Wani a baya ya kifa kai a kan tebur. Wata ta ce yayanta ma sha huɗu gare shi, ko keke ba a ba shi. Wani ya ce ai ɗan ne zai riƙa kai uban makaranta. Na ɗaga hannu na ce a yi shiru, na ce kuskure ne ƙarami, mai yiwuwa daga wajen bugawa, sai na tuna wadda ke taga ta san ba daga wajen bugawa ba ne, na ce a'a, ba daga wajen bugawa ba ne. Na ce kowa ya ɗauki fensir ya ba uban arba'in da ɗaya, ya ba ɗan sha huɗu.

"Ankul, amsar za ta canza?"

"Ba za ta canza ba."

"To don mi za mu gyara?"

Na ce a gyara dai.

Na so in tsaya in karanta sauran a zuci kafin in ci gaba, amma idanu sun yi mini yawa, kuma na gaya wa kaina ba zai yiwu a sami biyu ba, bayan duk dubawar da na yi. Tambaya biyu suka wuce lafiya. Sai na zo kan motar haya mai zuwa Birnin Kebbi daga Argungu, wadda bara take ɗaukar mutum goma sha takwas a kowane sawu. Bana tamanin da ɗaya take ɗauka, sawu uku.

Wannan karon ba su jira ba. Wani yaro da ubansa direba ne, kamar yadda ya sanar da mu nan take, ya ce ko an hau bisa rufi ba za ta ci ba. Wata ta tambaya ko da awaki a cikin lissafin.

Madam ta shigo. Yara suka miƙe suka gaishe ta, suna danne dariya. Ta karɓi takardar daga hannuna, ta karanta sauran tambayoyin a tsaye, leɓenta yana motsi. Ba ta dube ni ba. Ta ce wa yara motar babba ce, irin ta zuwa Legas, su yi lissafinsu yadda aka rubuta. Ta miƙo mini takardar.

"Ci gaba, Malam. Akwai kaza a ƙasa mai ƙwai talatin da ɗaya. Ita ka bar ta, ina son irinta."

Ta fita. Na ƙarasa karatun da muryar da ban san ta ba.

Da aka tashi, ta ce in je in gaida Inna in dawo in yi makin takardun a nan, za ta koma da ni a motarta. Na tafi a ƙasa, a hankali, ina shirya yadda zan ba da labarin ta hanyar da ba zai yi muni ba. Ban yi la'akari da cewa ɗiyar yayata ta fi ni sauri ba. Na tarar da Inna a kan tabarma tana gyaran shinkafa a faifai, tana ta dariya ƙasa-ƙasa.

"Mi nike ji? Wai ɗan sha huɗu ya haihi ƙato?"

"Inna, lambobi ne suka juye. Wata hanya ce ta kwamfuta, idan na yi miki bayani…"

"A'a, bar bayani. Ni yaron ya burge ni. Shi dai bai tsaya jiran aiki ba."

Na zauna na ci tuwon da aka ajiye mini. Can ta daina dariya, ta tambaye ni a hankali ko matar za ta kore ni. Na ce ban sani ba. Ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, ta ƙara mini miya, kuma a ranar ba ta yi tambaya ta biyu ba. Wannan ya fi tsokanar tayar mini da hankali.

Na koma na yi maki a ajin da babu kowa, ruwa yana ɗiga cikin bokiti a kusurwa. Tambayar uba da ɗa kowa ya ci. A tambayar mota kuwa, na tarar da yara da dama sun rubuta 54, amsar bara, wasu ma ba su wahalar da kansu da nuna aiki ba. Haka a wasu tambayoyin. Wato juyawar ta yi abin da aka sa ta. Na ware waɗannan takardun a sama, na shirya jawabi a raina wanda ya fara da amincewa da kuskure, ya bi ta kan takardun nan, ya ƙare da cewa a dunƙule za a iya cewa hanyar ba ta gaza gaba ɗaya ba.

A mota direba yana gaba, ni da Madam muna baya, da kwandon busasshen kifi a tsakaninmu. Sai da muka fita gari na fara.

"Madam, da farko dai ina so in ce…"

"Ka karanta takardar kafin a buga?"

"Na duba ta sosai. Na duba kowace lamba."

"Ka karanta ta?"

Na ce ban karanta ba. Ta tambayi dalili, kuma tunda ban iya ƙarya da sauri ba, sai na gaya mata gaskiya: na share kalmomin ne don kar su ɗauke mini hankali.

Ta juyo gaba ɗaya ta dube ni.

"Ka share maganar."

"A kwafi ne, Madam. Asalin yana nan."

"Ka share uban, ka share ɗan, ka share motar, sannan ka zauna kana dubawa."

Sai ta fashe da dariya, har direba ya leƙo ta madubi. Ta yi ta yi tana dafa kwandon kifi. Ban san ko dariyar sallama ce ko ta yafiya ba, don haka na yi ɗan murmushin da zai dace da kowacce. Na miƙa mata takardun masu amsar bara. Ta duba, ta gyaɗa kai, ta ce za ta ga iyayensu. Na jira ta ƙara wani abu. Ba ta ƙara ba. Ta sa a tsaya a Ambursa ta yi cinikin albasa ta taga, ta kira wani a waya a kan kwanon rufi, ta yi gyangyaɗi. Ni kuwa ina zaune ina tsara yadda zan gaya wa yayana cewa ɗakin baƙi zai ci gaba da zama nawa.

A mahaɗar Badariya direba ya tsaya. Na fito, na sunkuya na yi godiya, na ƙara ba da haƙuri. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Zango mai zuwa, kafin a buga komai, ka kawo mini shago. Ka karanta mini da Hausa, da ƙarfi, tun daga sama har ƙasa. Na'urarka ta yi nata, kai ma ka yi naka."

Motar ta tafi. Ina tsaye a bakin titi, keke napep suna yi mini hon, sai na gane ta ce zango mai zuwa. Na yi murna har na kai ƙofar gida. Daga nan na fara tunanin ko tana nufin in kawo takardun ne kawai a matsayin taimako, ba a matsayin malami ba. Washegari na kira ta.

"Madam, ina kwana. Game da maganar jiya, ina so ne in tabbatar, ko da na fahimta ba daidai ba…"

"Malam, ka zauna. In ka sake tambayata, ka tashi."

Ban sake ba. Na rubuta saƙon godiya, na karanta, na goge rabinsa, na tura sauran.

Har yanzu ina makarantar, kuma har yanzu da rejeks nake juya lambobin, don ban ga laifinsa ba. Amma duk ƙarshen zango nakan hau keke in je kasuwa, in tsaya tsakanin bokitai da kwanukan silba, in karanta wa Madam lissafin aji ɗaya zuwa shida da murya sama, tana sallamar masu saye tana saurare. Maƙwabtan shagon sun san lokacin. Mai sayar da atamfa na gefe yakan jawo kujera, kuma kafin in buɗe takarda sai ya gaishe ni.

"Malam, ya uban nan namu? Ya girma?"

Nakan ce ya girma, Alhaji. Bana shekararsa arba'in da uku, ɗan kuma sha shida. Wannan tambayar da hannu nake sauya ta. Na tabbatar kafin in fito daga gida, na kuma zaro takardar na duba a cikin keke.